Rubutun bayan kwalba, wa aka rubuta wa?

Watan da ya wuce gwaggona ta yi kwana tara a gadon asibiti. Ciwon suga ne ya tasar mata, ga gyambo a ɗan yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Duk wanda ya san dubiyar Bahaushe ya san yadda gindin gadon mara lafiya yake cika: ledar ayaba da lemon zaƙi, kwanon farfesu, fulas ɗin kunu, sai kuma katan-katan da ake jerawa don kowa ya shaida an yi zumunci. Na ƙirga katan uku na malt, biyu na lemon kwali, ban da gwangwanayen madara. Rana ta huɗu na shiga na tarar babban ɗanta yana tsiyaya mata malt a kofi yana bi da madara. Na ce, "Yaya, wannan fa suga ne ka haɗa mata." Ya ɗago ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Haba, ƙarin jini ne. Ba ka ga yadda ta ɗashe ba? Duba nan, ga lambar NAFDAC, kuma wa'adinsa da saura."

Yayan nan nawa malamin makaranta ne, shekararsa ashirin yana riƙe da alli. Kuma bai yi sakaci ba, ya juya gwangwanin ya duba abin da aka koya masa ya riƙa dubawa. Tun zamanin da marigayiya Dora Akunyili ta riƙe hukumar NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, aka dinga yi mana shela a rediyo da talabijin: duba lamba, duba ranar lalacewa. Karatun ya shiga, ya kuma ceci rayuka, don a lokacin jabun magani ya cika kasuwa. Yau ko ruwan leda mutum zai saya sai ka ga ya juya yana neman lamba. To amma a nan karatun ya tsaya. Lambar tana nufin hukuma ta san da zaman kayan, ta yi masa rajista, ba guba aka ɗura ba. Ba ta ce abin zai amfane ka ba, balle ta ce ya dace da tsohuwa mai ciwon suga. Wannan bayanin yana nan a jikin gwangwanin, cikin wani ɗan akwati mai layi-layi kusa da inda yatsan Yaya yake, da Turanci, da baƙaƙe ƙanana kamar sawun kiyashi. A ganina ba mu aka rubuta wa akwatin nan ba, kuma bai dace a rataya wa mai saye laifin rashin karanta shi ba.

Sai dai kafin akwatin, akwai kalmar da aka fi cin kasuwarmu da ita, wato ƙarfi. Yana sa ƙarfi, yana ba da kuzari, yana gina jiki. Duk mai talla ya san da ya faɗi haka ya gama da mu.

Jikin mutum ko yana barci aiki yake yi. Zuciya na bugawa, huhu na shaƙa, ƙoda na tace jini, jiki na riƙe da ɗuminsa. Wannan aikin da ba a gani shi ke cinye kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da mutum ya ci, in ba mai aikin ƙarfi ba ne. Ƙwaƙwalwa kaɗai, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, tana lashe kusan ɗaya bisa biyar na makamashin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Mudun da ake auna wannan makamashi da shi shi ake kira kalori. Abubuwa uku ne ke samar mana da shi. Sitaci da suga, irin su tuwo da shinkafa da rogo da burodi, kowane giram yana ba da kalori 4. Furotin, na wake da nama da kifi da ƙwai da nono, shi ma 4. Mai da kitse kuwa 9, fiye da ninki. Shi ya sa babban cokali ɗaya na man gyada yake ɗauke da kalori wajen 120, kusan daidai da giram 100 na dafaffiyar shinkafa. Mai zuba ludayin mai a garau-garau yana ganin ɗanɗano ya ƙara, alhali kusan wani farantin ya ɗora a kan na farko. Ruwa da gishiri da bitamin ba su da kalori ko ɗaya, amfaninsu wani ne daban.

Lomar tuwo tun a baki yawu ke fara narkar da sitacinta. In ta isa hanji sai ta rikiɗe ta zama wani irin suga da ake kira gulukos, ya shiga jini, sinadarin insulin ya buɗe masa ƙofa ya shiga sassan jiki a ƙona shi. Abin da ya yi saura hanta ta ajiye wajen giram 100, tsoka ta ajiye nata, in rumbunan nan sun cika sai ragowar ta koma kitse. Mai ciwon suga matsalarsa a ƙofar nan take: ko insulin ɗin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sugan ya taru a jini yana cin jijiyoyi da ido da ƙoda. Ka ga dalilin gyambon gwaggo ke nan.

Mu da ke azumi kowace shekara mun san wannan ilimin a jikinmu, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Wanda ya yi sahur da fura ko tuwon dawa miyar kuka ko ɗanwake, da wanda ya yi da shayi mai suga da farin burodi, ba su kai azahar a hali ɗaya. Na biyun kafin rana ta take ya fara hamma yana duba agogo. Ƙila kalorin da suka ci bai bambanta sosai ba. Bambancin irin na karan dawa da itacen kirya ne a murhu. Kara ya kama nan take, ya yi bal-bal, ya zama toka. Kirya ta ci a hankali ta bar garwashi har dare. Hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, da wake da ganye, suna sakin sugansu a hankali. Lemon kwalba kara ne, karan ma busasshe.

Haka abin yake ga lemukan nan da ake kira na ƙarin kuzari, waɗanda direbobin dogon zango da 'yan a-daidaita-sahu da ɗalibai masu jarrabawa suka mayar ruwan sha. Abin da ke cikinsu suga ne da kafeyin, sinadarin nan da ke cikin goro da kofi. Kafeyin ba ya ƙara wa jiki makamashi, toshe saƙon gajiya yake yi kada ya isa ƙwaƙwalwa. Gajiyar tana nan tana jira, bashi ne aka ci. Malt kuwa, ina zargin duhun launinsa ne ya sa muka haɗa shi da jini. Jini sinadarin ƙarfe, wato ayon, yake buƙata, kuma wannan a hanta da jan nama da wake da zogale da alayyahu ake samunsa. Ta fuskar suga malt bai da nisa da lemon kwalba, wani ma ya fi shi.

To yanzu a juya kwalbar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na makamashin da mutum ke ci a rana. Ga mai cin kalori 2,000, wannan giram 50 ke nan, wajen ƙaramin cokalin shayi 12, kuma ta ce in an rage zuwa rabin haka ya fi. Yawancin lemukan kwalba suna ɗauke da suga wajen giram 10 a kowane mililita 100. Robar da muke saye mililita 500 ce. A ninka sau biyar, giram 50. Wato roba ɗaya ta cinye kason yini duka, tun kafin a zo ga shayin safe da kunun yamma. Sugan ƙwaya irin na kwali kowace ƙwaya wajen giram 5 ce. Wace uwa ce za ta jefa ƙwaya goma a kofin ruwa ta miƙa wa ɗanta? Babu. Amma kullum ana yi, don ba a ganin ƙwayoyin.

Dubi kuma matakan da aka ɗora wa mutum kafin ya kai ga wannan lissafin. Sai ya iya Turanci. Sai idonsa na gani da kyau, don wani rubutun ko mai tabarau sai ya kai shi hasken rana. Sai ya lura cewa adadin da aka rubuta na mililita 100 ne alhali shi 500 zai shanye. A fakitin biskit sai ya gano cewa abin da kamfani ya kira ci ɗaya guda biyu ne ko uku, shi kuwa yaro ba ya ajiye fakiti sai ya ga ƙarshensa. Sai ya san cewa akwai ma'auni biyu a jere, kilojul da kalori, kuma kalori ɗaya ya haura kilojul 4 da kaɗan. Sai ya san cewa inda aka rubuta sodiyam, sai an ninka sau biyu da rabi kafin a san yawan gishirin. Wannan ai jarrabawa ce, a tsaye a bakin shago, da mai shago yana jiran canji.

Abu ɗaya da na koya wanda ya fi saurin amfani shi ne jerin kayan haɗi. Ƙa'ida ce a fara da abin da ya fi yawa, a bi da wanda ke biye masa. Ɗauki lemon kwalin nan mai hoton lemon zaƙi da mangwaro suna ɗigar ruwa. A da yawa daga cikinsu abin da za ka fara gani ruwa ne, sai suga, sannan ɗan ruwan 'ya'yan itacen. Ɗauki madarar gari ta ƙaramar leda: da yawa an cire man nonon an maye gurbinsa da man itace, kuma an rubuta hakan, da Turanci. Wata farar hodar da ake kaɗa shayi da ita ma da ƙyar za a kira ta madara. Ba guba ba ce, amma uwar da ta yaye ɗanta tana dama masa ita da sunan nono ya kamata ta san abin da kuɗinta ya saya.

A watan Afrilun 2024 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye, tare da ƙungiyar IBFAN mai kare shayar da nonon uwa, ta fitar da rahoto a kan abincin jarirai na kamfanin Nestlé. Ta ce Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe irin su Najeriya da Senegal da Filifin an ƙara masa suga, na Najeriya wajen giram 7 a ci ɗaya, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila babu ƙarin suga. Kamfanin ya amsa cewa yana bin dokokin kowace ƙasa. Wannan amsar ita ta fi rahoton damuna, domin ma'anarta ita ce abin da dokarmu ta ƙyale shi ake ba 'ya'yanmu.

Gishiri shi ne wanda ba a ma maganarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da taliyar yara da kifin gwangwani. Dunƙulen da muke marmasawa a miya kusan rabinsa gishiri ne. Sai a jefa huɗu ko biyar, a bi da farin magi wanda shi ma sodiyam ne a cikinsa, sannan a ɗauko gishirin kansa a barbaɗa. Kakata da daddawa da ɗan gishiri take kaɗa miyar kuka, kuma har yau ban ci wadda ta kai tata ba, amma na san wannan maganar ba ta cin kasuwa a wajen amaren yanzu. Hawan jini dai ba ya sallama. Sau da yawa ranar da aka san da shi ita ce ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a fuska: kai da ka ƙoshi kake lissafin kalori, mu ta abin da za a ɗora a wuta muke yi. Maganar tana da nauyi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 57. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Ba na musun ko ɗaya. Amma wanda kuɗinsa ya yi kaɗan ai shi ya fi buƙatar sanin abin da kowace naira ta saya masa. Kuɗin robar lemo ɗaya zai sayi ƙuli-ƙuli ko ƙosai ko awara ko dafaffen ƙwai. Gyaɗa tana da kalori sama da 550 a giram 100, ga furotin, ga mai. Lemon ba shi da komai sai ruwa da suga da kala. Na sha ganin lebura ya karya da burodi da lemo, ya biya kuɗin abinci, ya sayi yunwar ƙarfe goma sha ɗaya.

Kuma kada a fahimce ni cewa suga da mai abokan gaba ne. Ledar nan da ake ba yara masu tamowa a asibiti, wadda aka ƙirƙira a Faransa a 1996 kuma aka yi amfani da ita sosai a Nijar lokacin yunwar 2005, gyaɗa ce da madara da mai da suga da bitamin. Giram 92 ce, kalori 500. Ta tashi dubban yaran da aka fid da rai da su. Abin da ya zama magani ga yaron da ya rame shi ne zai kwantar da gwaggo. Manomin da ya wuni yana huɗa zai iya ƙona kalori 3,000 ko fiye, ɗansa da ke zaune a shago daga safe zuwa dare, ya hau babur ya koma gida, ba ya kusa da haka, amma malmalar tuwonsu ɗaya ce, ɗan ma ya ƙara da lemo. Ga kuma al'adarmu ta ganin tumbi alamar kuɗi sun zauna, har ta kai 'yan mata na shan sha-ka-fashe kafin biki. A unguwa ɗaya, wani lokacin a gida ɗaya, za ka tarar da yaro mai tamowa da uba mai ciwon suga.

Abin da nake nema an riga an yi shi a wani wuri. Ƙasar Chile tun 2016 ta tilasta wa kamfanoni manna baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk kayan da suga ko gishiri ko kitse ko kalori ya yi wa yawa, da rubutu gajere: suga ya yi yawa. Ta hana sayar da irin waɗannan kaya a makarantu, ta hana sa musu hoton 'yan katun don jan yara. Bincike ya nuna sayen lemuka masu suga ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wasu kamfanoni kuma suka rage sugan da kansu don gudun tambarin. Meziko ta bi sahu a 2020. Mu kuwa abin da muka yi shi ne harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo, a dokar kuɗi ta 2021. Naira biyar ke nan a roba ɗaya, kuɗin da yau ko alawa ba zai saya ba. Gwamnati ta karɓi nata, mai sha bai ƙaru da sanin komai ba.

Ba kuma baƙon abu ba ne a wajenmu a yi magana da alama. Tun farkon shekarun 2000 aka wajabta sa bitamin A a fulawa da man girki da suga, aka ba su tambarin ido. Tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishiri, kuma duk wanda ya girma a ƙauye ya san maƙoƙo ya ragu ƙwarai. In ana iya zana ido don a ce akwai alheri a ciki, me zai hana a zana ƙwayoyin suga goma a gaban roba? Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san goma, ta san ƙwayar suga. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne batun harshe. Kamfanonin nan sun iya Hausa sarai. Saurari rediyo a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, tallarsu da Hausa ce tsantsa, da kirari da kiɗa, da fitattun 'yan fim. Allunansu a bakin titi da Hausa, da azumi ma har barka da shan ruwa suke yi mana. Ranar sayarwa sun san harshenmu. Ranar faɗin abin da ke ciki sai a koma Turanci, a Nijar a koma Faransanci, kayan da ke shigowa daga waje kuma wani da Larabci, wani da rubutun Sin. Takardar naira tana ɗauke da adadinta da Hausa. Kayan da tireloli ke saukewa a kasuwar Singa ta Kano don miliyoyin masu jin Hausa ba su fi ƙarfin layi biyu da Hausa ba. Hukumar NAFDAC ce ke da ikon cewa sai an yi, kuma ita ce ta taɓa nuna mana cewa in an dage da shela mutanenmu suna koyo.

Na yarda tambari ba zai kai ko'ina ba. Yawancin abin da muke ci a mudu da tiya da ƙulli ake sayensa. Zoɓon roba da kunun aya ba su da rubutu, kuma wasu sun fi lemon kamfani zaƙi. Mai shayi ba ya auna suga, kamfata yake yi, in ka ce ya rage ya dube ka kamar mara lafiya. Fura ma da ake sha da nono zalla yanzu sai an zuba mata suga har ta fita hayyacinta. Amma wanda ya saba ganin ƙwaya goma a jikin roba zai fara tambayar mai zoɓo nawa ta zuba.

An sallami gwaggo ranar Laraba, yatsan ya tsira da ƙyar. Likita ya hana ta malt da lemon kwali, ta kuma ji. Da muka isa gida aka sauke katan-katan ɗin a tsakar gida, ta dube su ta ce, "Ai ba a zubar ba, almubazzaranci ne. Ku raba wa jikokina." Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya harare ni. Autar cikinsu shekararta huɗu, gwangwani biyu ta samu.